Kujerun manyan masu zane a farashin mai haya: yadda za ka sa a yi maka kwafinsu a Abuja, ka ƙarasa aikin a gida

Duk wanda ya taɓa bin titin Keffi daga AYA zuwa Nyanya ya san Kugbo. Kujeru ne jere a bakin hanya, masu kambi, masu ruwan zinare, kowace kamar don fada aka sassaƙa ta. Ba na raina su, a falon Maitama suna da gurbi. Amma ni ɗaki biyu da falo nake haya a Kubwa, kuma ranar da aka kawo saitin kujerun auren uwargida mai cin mutum bakwai, sai da aka kwance ƙyauren falo kafin babbar ta shiga. Da aka gama jerawa, ko wurin shimfiɗa darduma ba a bari ba.

Abin da ya fitar da mu daga wannan matsi wani salon kayan ɗaki ne da ya haura shekara ɗari da somawa. A 1919 Walter Gropius ya buɗe makarantar Bauhaus a garin Weimar na Jamus, inda aka ɗauki siffar abu da amfaninsa a matsayin adonsa. Hannun keke ne ya ba ɗalibinta Marcel Breuer dabarar lanƙwasa bututun ƙarfe, ya yi kujerar da ake kira Wassily a 1925. A 1929 Mies van der Rohe da Lilly Reich suka zana kujerar Barcelona don rumfar Jamus a baje kolin duniya na Sifaniya. Bayan yaƙin duniya na biyu sai Hans Wegner na Denmak, da miji da mata Charles da Ray Eames na Amurka, suka ɗora. Ka sha ganin waɗannan kujeru a otal-otal da ofisoshin Wuse 2, ko da ba ka san sunayensu ba. Siriran ƙafafu ne da su, ana ganin tayil ta ƙarƙashinsu, shi ya sa ƙaramin falo yake buɗewa da su.

Na asalin kamfanoni ne masu lasisi suke yi, irin su Herman Miller, Vitra, Knoll da Cassina, kuma manyan cikinsu dubban daloli ne guda ɗaya. Abin dariyar shi ne, kujerar roba ta Eames da ta fito kasuwa a 1950 daga wata gasar kayan ɗaki masu araha ta samo asali, wadda gidan tarihin MoMA na New York ya shirya a 1948. Don haka neman mai sauƙin kuɗi ba abin kunya ba ne. Sharaɗi ɗaya nake kafawa: kada a manna mata tambarin kamfani, kada a sayar wa wani da sunan ta asali, wannan algus ne. Wasu ƙasashe sun ƙara tsanantawa. Birtaniya ta gyara dokarta a 2016, kariyar irin waɗannan zane-zane ta tashi daga shekara 25 da fitowarsu kasuwa zuwa shekara 70 bayan mutuwar mai zanen. In kuma wani a Instagram ya rantse maka cewa Barcelona ɗin da yake sayarwa a farashin tukunyar gas ta asali ce, ka yi masa sallama.

Mataki na farko: raba abin da za a yi maka da abin da za ka saya

A nan mafi yawan mutane suke asarar kuɗi. Sukan zaɓi kujerar da ta fi burge su a hoto, su kai wa kafinta, shi kuma ba zai taɓa cewa ba zai iya ba. Tambayar da ta dace ita ce: da wane irin hannu aka yi ta asalin, kuma muna da wannan hannun a nan?

Akwai waɗanda injin masana'anta ne kaɗai yake fitar da su. Doguwar kujerar hutawa ta Eames ta 1956 filawud ne da aka matse da zafi a cikin ma'auni har ya lanƙwashe. Kujerar Egg ta Arne Jacobsen ta 1958 da teburin Tulip na Eero Saarinen mai ƙafa ɗaya su ma zubi ne. Waɗannan ko dai ka sayi na kwantena, waɗanda yawancinsu daga yankin Foshan na ƙasar Sin suke fitowa, ko ka haƙura. Ni na haƙura da ta Eames, domin a kwafin mai araha robar da ta haɗa bayanta da hannuwanta ita ce take fara sakewa, kuma ranar da ta saki, da mutum a kai take saki.

Akwai kuma waɗanda aikin katako ne da saƙa da walda, kuma a nan muke da ƙarfi. Sarauniyarsu a wurina ita ce kujerar Chandigarh ta Pierre Jeanneret, mai ƙafafu kamar harafin V a kife, da mazauni da jingina na saƙar ken, wato sandar nan mai lanƙwasuwa da ake saƙa kujeru da kwanduna da ita. Jeanneret ɗan'uwan shahararren mai zanen gine-gine Le Corbusier ne, kuma a shekarun 1950 ya zana ta don ofisoshin Chandigarh, sabon birnin da Indiya ta tsara a takarda kafin a gina, kamar yadda aka yi wa Abuja daga baya. Kafintocin garin ne suka riƙa yin ta da katakon tik a shaguna daban-daban, ba masana'anta ɗaya ba, shi ya sa ko tsofaffin ba sa zama daidai da juna. Abin da kafintan Indiya ya yi da zarto da kurfi, na Kugbo ma zai yi. Haka benci mai tsage-tsage na George Nelson, da doguwar durowar falo mai gajerun ƙafafu irin ta 'yan Denmak, da ƙafafun teburin tsakiya na Isamu Noguchi.

Kujerar Wishbone ta Wegner tana tsakiya. Jinginarta katako ne da aka turara aka lanƙwasa. In kafinta ya yanko wannan baka daga falanki ɗaya, jijiyar katakon ta tsinke ke nan, wata rana za ta karye a hannun baƙo. Sai dai in ya yarda ya tsaga siraran katakai ya manna su da gam a jikin ma'auni.

Mataki na biyu: awo

Waɗannan kujeru ba su da sassaƙa ko ƙyalli da za su ɓoye kuskure. In ƙafa ta ƙara kauri da rabin inci, ta koma kujerar makaranta. Kamfanonin da ke yin na asali suna buga tsawo da faɗi da zurfi a shafukansu na intanet, ka kwafo su. Sannan ka riƙe waɗannan a ka: mazaunin kujerar cin abinci yana tashi santimita 43 zuwa 46 daga ƙasa, wato wajen inci 18, teburinta kuma santimita 72 zuwa 75. Tsakanin mazauni da ƙasan tebur a bar kamar santimita 28 don cinya. Kujerar hutawa ta fi ƙasa, santimita 38 zuwa 42, teburin tsakiya ya yi daidai da ita ko ya ɗan gaza. Jingina kada ta miƙe sak, ta kwanta baya kamar digiri 100 zuwa 105, mazaunin kuma ya ɗan gangara baya don kada mutum ya riƙa zamewa.

Kafintocinmu da inci suke tunani, saboda haka ka juya musu awon tun daga gida. Abin da ya fi wannan amfani shi ne ka samo kwalin firiji, ka zana gefen kujerar a girmanta na gaske, ka yanke da reza. Hoton waya kowa da yadda yake fahimtarsa, kwali kuwa ɗora shi za a yi a kan katako a bi da fensir.

Mataki na uku: katako

Ka je kasuwar katako ta Dei-Dei da kanka, ko ku tafi tare da kafintan. Maɗaci ja ne, yana karɓar mai da kyau. Iroko, wanda wasu ke kira loko, ya fi kusa da tik a launi da juriya, gara ba ta cika damunsa ba. Mansoniya tana da duhun da ke kama da katakon da ake yi wa kayan Amurka na wancan zamani. Malaina da afara masu sauƙin kuɗi ne kuma marasa nauyi, sun dace da samfur ko cikin durowa, amma ba siririyar ƙafar da za ta ɗauki ƙato ba. Madobiya kyakkyawa ce, sai dai an sare ta har ta shiga jerin itatuwan da yarjejeniyar duniya ta CITES, mai kare dabbobi da itatuwan da ke neman ƙarewa, ta sa wa takunkumin ciniki tun 2017, ni ba na sayen ta.

Babbar magana ita ce bushewa. Ɗanyen katako ya fi nauyi, yana da sanyi a tafin hannu, garinsa yana dunƙulewa a bakin zarto. In ka samu mai na'urar gwada danshi, kashi 10 zuwa 12 cikin ɗari kake nema. Ka guji falanki mai farin gefe, nan ƙwaro yake fara ci. In abin da ka samu bai gama bushewa ba, ka jera shi a inuwa, ka sa 'yan sanduna tsakanin kowane falanki don iska ta ratsa, ka ba shi makonni.

Na koyi wannan da kuɗina. A watan Agusta aka yi mini teburin farko, ana tsakiyar damina. Da hunturu ya kama a Janairu, sai ga tsaga a samansa da za ka iya zura katin ATM. Tun daga nan daga Disamba zuwa Fabrairu nake ba da aiki, lokacin da katako ya gama tsukewa. Haɗin da aka yi a lokacin ƙara matsewa yake yi in ruwa ya sauka. Durowa ce kawai za ka ce a bar mata 'yar sarari, in ba haka ba a watan Yuli sai ka ja ta da hannu biyu.

Mataki na huɗu: kai da kafinta

Kada ka ba da kujera shida a tashi ɗaya. Guda ɗaya za a fara yi da malaina, ba fenti, ka zauna a kai, uwargida ta zauna, a kira mafi nauyi a gidan shi ma ya gwada.

Ranar da na je duba samfurina na tarar ƙafafun sun yi kauri, an kuma yi wa hannun wani ɗan lanƙwasa kamar wutsiyar kunama.

“Malam, wannan fa ba ya cikin kwalin da na kawo.”

“Yallaɓai, gyara na yi maka. Yadda ka zana ta kamar ba ta ƙoshi ba, mutane za su ce ba a biya ni ba ne.”

Ba mugunta ba ce, idonsa ya saba da kujerar fada. Na ce masa ramar ita nake saye, kuma ƙarfin kujera a haɗinta yake. Abin da za ka nace a kai ke nan: a fafe rami a jikin ƙafa, a fiƙe bakin ɗaya katakon ya shige ciki daram, a sa gam, a ɗaure da matsi har ya kwana. Ƙusa kaɗai ba ta riƙe kujera, bayan wata shida za ta fara kuka. In iroko ne, a goge wurin haɗin da tina kafin a shafa gam, saboda maiƙon jikinsa yana hana gam kamawa.

Wajen biya, ka ba da kuɗin kayan aiki da wani abu na kafin alƙalami, ragowar sai ka ga kaya. Ka kuma faɗa masa tun farko cewa fari za ka karɓa, ba banish. In ka bar masa, zai lafta mata mai ƙyalli har ta koma kamar an tsoma ta a zuma, ya rufe duk kyan katakon da ka sha rana ka zaɓo.

Aikin ƙarfe kuma na mai walda ne. Ƙafafun tebur na siririn rodi da firam mai kusurwa huɗu ba sa ba shi wahala. A goge kowane ɗinkin walda ya baje. Lanƙwasa bututu irin na Wassily yana son injin lanƙwasa, in da wuta da guduma za a yi, gwiwar za ta motse.

Mataki na biyar: gogewa da mai, a tsakar gida ko baranda

Wannan aikin Asabar ne, kuma shi ne ya fi daɗi. Ka sa takunkumi, ƙurar iroko da mansoniya tana damun hanci da ƙirji. Fara da samfefa mai lamba 120, ka koma 180, ka ƙare da 220, kullum kana bin tsawon jijiyar katako, kada ka gitta. Kafin zagaye na ƙarshe ka shafa tsumma mai ɗan danshi, ka bari ya bushe. Za ka ji gashin katakon ya tashi, sai ka kwantar da shi da 220 ɗin. Kaifin gefuna a ɗan kashe shi kaɗan, kada a mulmule.

In gidanka ƙasa ne kuma akwai gara a unguwar, shafa maganin katako irin Solignum marar launi a ƙasan ƙafafu da wuraren da ido ba ya gani. Daga nan sai mai, wanda ake sayarwa da sunan man tik ko man Danish a shagunan fenti. Ka shafa da tsumma, ka ba shi kamar minti 15, ka goge duk abin da bai shige ba har sai hannu ya daina ɗanko. Washegari ka maimaita. Sau uku ya wadatar. Saman teburin cin abinci, inda miya da shayi za su zuba, ya fi son banish marar ƙyalli, shafi biyu ko uku marasa kauri. Kada ka yi wannan ranar da ƙurar hunturu ta turnuke, duk za ta manne.

Tsumman da ya sha mai kada ka dunƙule shi ka jefa a kwandon shara. Yana iya ɗaukar zafi ya kama wuta da kansa. Ka baza shi a waje ya bushe, ko ka tsoma shi a bokitin ruwa.

Mataki na shida: inda kujerar take zama taka

Saƙar ken iri biyu ce: wadda masu saƙa suke zarawa tsinke-tsinke ta ramukan firam, da wadda ake sayarwa a naɗe kamar tabarma. Ta farkon ka kai wa masu kujerun ken na bakin titi. Ta biyun za ka iya da kanka. Ka yanka ta da rarar inci biyu kowane gefe, ka jiƙa a ruwan ɗumi na rabin awa, ka shimfiɗa, ka kama tsakiyar kowane gefe da sitefula kafin kusurwoyi, ka rufe bakin da siririn katako. Kada ka ja ta da ƙarfi, in ta bushe da kanta za ta ɗaure kamar fatar kalangu. Bayanta kuma kada a shafa masa banish, ta nan take shan iska.

Mazaunin Wishbone na asali igiyar takarda ce, kusan mita 120 a kujera ɗaya. Igiyar rama ko ta auduga mai kyan murɗi tana maye gurbinta, kuma duk wanda ya taɓa ganin ana saƙa gadon igiya ya san yadda za a yi.

Sai fata. Kwafin kwantena kusan duk leda ce, kuma zafin Maris da Afrilu na Abuja ba ya raga mata, sai ta fara ɓarewa tana bin bayan riga. Ka leƙa bayanta: in ka ga yadi, leda ce. Mu kuwa da jar fatar akuyar Sakkwato, wadda Turawa suka daɗe suna kira fatar Maroko saboda ta can take isa gare su. Aibinta shi ne ƙanƙanta, ba ta rufe babbar kujera. Amma kushin Barcelona dama ƙananan murabba'ai 40 ne aka harhaɗa, don haka ƙanƙantar ba ta hana komai. Ka sayo a Ƙofar Wambai in ka je Kano, ka haɗa baduku da mai ɗinkin kushin. Gwaji ɗaya kada ka tsallake: goga farin tsumma mai danshi a jikin fatar. In ya ɗauko ja, farar shaddar baƙonka ma za ta ɗauka, sai an shafe ta da abin rufe launi tukuna. Maɗaurin Wassily kuwa fatar sa mai kauri yake so, ta akuya za ta miƙe.

Wajen yadi, saƙi da gwado da baƙin rini na Ƙofar Mata suna zama da jan maɗaci kamar tare aka halicce su. Ka wanke su sau biyu kafin a yanka, don su gama tsukewa da zuba. Saƙi na hannu a yi masa shafi da wani yadi a ciki, a sa zif don wanki. Atamfa ta fi dacewa da filo, a mazauni ba ta jure goga. Soso kuma ka nemi mai nauyi, kilo 30 ko fiye a kowace mita kubik, inci uku zuwa huɗu. Mai araha kafin azumi ya zagayo ya zama tabarma.

In na kwantena ka saya

Kujerun roba masu ƙafar katako irin na Eames sun cika gari, kuma ba laifi gare su in ka san lagonsu. Kafin ka biya, ka kife ɗaya. Dubi kaurin wayoyin ƙarfen da suka gitta tsakanin ƙafafu, da yadda notin ya shiga jikin robar. Ka zauna ka jingina da ƙarfi, in ta yi ƙara tun a shago, bar ta. Wajen haɗawa a gida, ka zura dukkan notina sako-sako, ka tsayar da ita a tayil mai daidai, sannan ka ɗaure su a gicciye, kowane da washa mai tsaga, wato ɗan zoben ƙarfen da ake sa wa noti. Yawancin rangajin da ake kuka da shi daga ɗaure ƙafa ɗaya tamau kafin sauran yake zuwa.

In ka ga lamba 5 ko haruffan PP a ƙarƙashinta, fenti ba ya kama wannan robar sai da fentin shimfiɗa na musamman, kuma ko da shi gefuna suna ɓarewa. Gara ka ɗinka mata siririn kushin na saƙi. Ƙafafun kuma ana iya goge farin banish ɗinsu a shafa mai duhu, ko mai injin gurza ya fitar maka da sababbi na maɗaci a kan awon tsofaffin. Kada ka bar ta a baranda, rana tana sa robar ta yi gautsi.

Ƙarfe mai ruwan kurom in ya fara ɗigon tsatsa, takardar alminiyom ta kicin da ɗan ruwa tana ɗauke shi. In ya ci sosai, a goge da samfefa, a sa jan fentin hana tsatsa, a bi da baƙi marar ƙyalli na gwangwanin fesawa, daga nisan kamar santimita 25, shafi uku marasa kauri. Teburin Noguchi na asali gilashinsa milimita 19 ne, nauyinsa ne yake danne ƙafafun. Kada ka yarda da siririn gilashin taga, ka nemi mai kauri wanda aka goge bakinsa kafin a gasa shi. Na Tulip kuma ka danna gefensa da hannu a shago, in gindin ya ɗaga, yaro mai koyon tsayuwa zai kifar da shi.

Ka manna ɗan ƙyallen ulu a tafin kowace ƙafa saboda tayil. Duk Janairu, in iska ta bushe, ka zaga da sifana ka ƙara ɗaure notina, ka shafa wa katako mai sau ɗaya, saƙar ken kuma ka goge bayanta da jiƙaƙƙen tsumma duk mako har ruwan farko ya sauka.